Minti Biyar a Kowane Zango: Yadda Na Koyi Auna Lafiyar Tsauni da Kukan Tsuntsaye

Ranar da na fara fita ƙidayar tsuntsaye, na zo da madubin hangen nesa rataye a wuya, a tunanina shi ne babban kayan aiki. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya kalle shi sau ɗaya, ya ce in mayar da shi jaka tukuna. Muka kama hawan gangare cikin duhu, raɓa ta jiƙe mana ƙafar wando har gwiwa, sai da muka isa wani falalen dutse da aka ɗiga wa jan fenti sannan ya tsaya. Gabas ta fara ja. Ya ce, "Rufe idonka, ka gaya mini baki nawa kake ji."

Na kasa kunne. Ni dai hayaniya ɗaya nake ji, a cakuɗe, kamar taron jama'a daga nesa. Na ce, "Malam, uku ne ko huɗu." Bai ce uffan ba. Sai ya fara nuni da yatsa, wannan na hagu cikin ciyawa, wancan na ƙasa a bakin rafi, ga wani can sama kan busasshen reshe, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har ya kai goma sha ɗaya. Ko guda ban gani da idona ba. An ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki ji ne a gaba. Yawancin tsuntsayen da ke shiga takarda muryarsu kawai aka ji.

Na shiga aikin ne a matsayin ɗan sa-kai. Wata ƙungiya ta masu kula da tsaunuka ke neman mutanen da za su riƙa bin hanya ɗaya kowace shekara, a lokacin da tsuntsaye ke sheƙa, su rubuta abin da suka ji. Da farko na ɗauka son tsuntsaye ne kawai ya tara su. Daga baya na gane dutsen suke aunawa, tsuntsayen ma'auni ne, kamar yadda likita ke riƙe wuyan hannu don ya ji yadda zuciya ke bugawa.

Na tambayi Malam me ya sa sai ƙananan tsuntsaye masu waƙa, ba a ɗauki manyan namun daji ba. Amsarsa gajera ce: "Damisa ba ta gaya maka inda take. Wannan kuwa kullum da safe sai ya hau reshe ya yi shela." Haka ne kuwa. Tsuntsu mai waƙa idan ya kama wuri, a nan yake tsayawa tsawon lokacin sheƙa yana rerawa, ya kira mace, ya kori abokin takara, saboda haka mai kunne zai ƙirga gidaje ba tare da ya taɓa ko gashin tsuntsu ba. Suna kuma da yawa. Nau'in tsuntsayen duniya ya kai kusan 11,000, masu waƙa kusan 5,000 ne a ciki, kowanne da abin da yake nema. Wani sai doguwar ciyawa, wani sai tsohon itace mai kogo, wani ba ya rabuwa da ruwa mai gudu. Abin da ya fi kama hankalina shi ne abincin 'ya'yansu. Ko tsuntsun da iri yake ci, galibi da ƙwari da tsutsotsi yake ciyar da 'ya'yansa, kuma sheƙa ɗaya takan lashe dubbai kafin 'ya'yan su tashi. Tsutsa ganye take ci, ganye kuma ƙasa da ruwa ke riƙe da shi. Ashe duk waƙar da ka ji da sassafe akwai doguwar igiya a bayanta da ta kai har cikin ƙasa, kuma idan ta tsinke a inda ido ba ya gani, a bakin tsuntsu ake fara ji. Masu haƙar kwal a Birtaniya sun daɗe da sanin irin wannan. Bisa shawarar masani John Scott Haldane suka riƙa shiga rami da kanari a keji, domin iska mai guba tana kayar da tsuntsun kafin ta kai ga mutum, kuma sai a 1986 aka daina. Shi tsauni ba a kai masa kanari a keji, yana da nasa.

Tsauni kuma yana da wata baiwa da fili ba shi da ita. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, don haka tafiyar safiya ɗaya za ta ratsa da kai yanayi iri-iri da a fili sai ka ci ɗaruruwan kilomita kafin ka gamu da su. Tsuntsaye sun jeru a jikin dutse hawa-hawa kamar bene, na gindi daban, na tsakiya daban, na ƙololuwa daban. Da wani abu ya motsa, jerin ne ke gocewa. Ga shi kuma daga tsaunuka koguna ke tasowa, wanda ke can ƙasa yana shan ruwa lafiyar dutsen da bai taɓa hawa ba ta shafe shi.

Kafin a ba ni takarda sai da na shafe makonni shida ina koyon kunne, kuma nan wahalar take. Malam ya hana ni haɗama. Murya biyar a mako, ba ƙari, kuma in fara da waɗanda suka fi yawa, domin sai ka san na kullum har kunnenka ya daina kula su sannan baƙuwar murya ke fitowa fili. Abin da ya cece ni shi ne laƙabi. Akwai wanda waƙarsa ke hawa a ƙarshe, na sa masa "mai tambaya". Akwai mai ƙara irin ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Akwai wanda ke tashi sama daga cikin ciyawa yana rerawa, sai ya buɗe fukafukai ya sauko a hankali, waƙar na ƙara sauri har ya dira, shi na ce masa "mai laima". Sai daga baya na haɗa kowane laƙabi da sunansa na littafi, amma har yau laƙabin ne ke fara zuwa hannuna.

Na koyi raba waƙa da kira. Waƙa doguwa ce, tsararriya, ta mai gida. Kira gajere ne, na gargaɗi ko na neman ɗan'uwa, kowa na yi. A takarda alamarsu daban, domin mai waƙa yana cewa nan nake zaune, mai kira kuwa wataƙila wucewa yake. Wani abu da ya sha rikita ni shi ne in ji kamar tsuntsu biyu a reshe ɗaya, alhali ɗaya ne. Maƙogwaron waƙar tsuntsu yana can ƙasa, inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare na iya fitar da nasa sauti a lokaci guda. Wasu kuma makwaikwaya ne, su ɗauko muryar maƙwabci su saka a tsakiyar tasu. Da dare in saurari muryoyin da mutane suka naɗa suka ajiye a rumbun Xeno-canto a intanet, da safe in je in gwada kaina. Manhajar waya irin Merlin tana taimako, ba zan musa ba, amma an hana mu rubuta tsuntsu don waya ta faɗa. Takan yi kuskure idan iska na kaɗawa ko muryoyi sun haɗu, kuma ba za ta gaya maka ko wanda ya yi kuka yanzu shi ne na ɗazu ba.

Hanyata zango goma sha biyu ce, daga gindin gangare zuwa kusa da ƙololuwa, tsakanin zango da zango aƙalla mita 250 don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ba ni na zaɓi wuraren ba, ba kuma Malam ba. A kan taswira aka ɗiga su tun kafin kowa ya taka wurin. Na yi ƙorafi, domin akwai wani kyakkyawan kurmi da hanyar ta kauce wa da 'yan taku kaɗan. Malam ya ce, "In aka bar ka ka zaɓa, inda ke da daɗi za ka tsaya, sai takarda ta ce dutse lafiya lau." Sauran ƙa'idojin ba su da yawa amma ba a sassauta su. A fara da fitowar rana, a gama kafin hantsi ya dubi ludayi, domin da rana ta ɗaga bakinsu ke mutuwa. Ba a fita ranar ruwa, ko ranar da iska ke girgiza manyan rassa. In ka isa zango ka tsaya cik minti ɗaya, har waɗanda takunka ya firgita su koma hidimarsu, sannan minti biyar daidai, da agogo. Wanda ya yi kuka bayan cikar lokaci, ko shi ne wanda ka shekara kana nema, ba ya shiga layi, a gefe ake rubuta shi. Kuma da fensir ake aiki, biro ba ya kama takardar da raɓa ta taɓa.

Na daɗe ina ganin tsaurin ya yi yawa, sai da na ji labarin ƙidayar Amurka ta Arewa da Chandler Robbins ya kafa a 1966: tsayawa 50 a kowace hanya, minti uku a kowace tsayawa, shekara da shekaru a kan tsari ɗaya. Rashin sauyin ne ya sa ake iya ɗora takardar bana a kan ta shekaru hamsin da suka wuce. Da irin waɗannan takardu masana suka lissafa a 2019 cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970, na filayen ciyawa sun ragu da fiye da rabi. Babu mutum ɗaya da ya ga wannan da idonsa, yawancinsa daga minti uku-uku aka tara shi.

Ranar da na fita ni kaɗai, zango na huɗu ne ya tsaya mini a rai. Gefen wani kwazazzabo ne, itatuwa a ƙasa, ciyawa a sama, hazo kwance a tsakani. Na zana da'ira a takarda, ɗigon tsakiya ni ne, layin da'irar mita 50. Na danna agogo. Minti na farko hannuna bai huta ba. Mai tambaya a gabas, cikin da'ira. Wani mai tambaya a yamma, can nesa. Nan na dakata, domin ba ka rubuta biyu sai ka ji su tare ko ɗaya na amsa wa ɗaya. Na jira. Na gabas ya rera, kafin ya rufe baki na yamma ya ɗauka. Biyu ne. Na ja layi mai ɗigo-ɗigo tsakaninsu, alamar an ji su lokaci guda. A minti na uku wata 'yar tsuntsuwa ta sauka kan reshe, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, bakinta cike da korayen tsutsotsi har suna leƙowa ta gefe. Ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, ta ƙi shiga inda za ta. Na gane sheƙa na kusa kuma ni ne na tare mata hanya. Na daskare, ko fensir ban motsa ba. Sai da ta gamsu sannan ta faɗa cikin wani dunƙulen ciyawa, na ji 'yan siraran muryoyi sun tashi gaba ɗaya. Babu shaidar da ta kai wannan ƙarfi a duk takardar, domin tana nuna wurin ya riƙe ta, ya ciyar da ita har ta ƙyanƙyashe.

Ƙiyasin nisa ya ba ni wuya. Kwazazzabo na dawo da murya, tsuntsu ya juya kai sai ka ji kamar ya yi nisa ninki biyu. Malam ya koya mini in tara tafin hannu a bayan kunnuwa, in juya a hankali har inda sautin ya fi ƙarfi.

Babban kuskurena a shekarar farko na fahimta ne. Zango na biyu yana kusa da inda aka sare itatuwa aka fitar da hanya, kuma ya fi ko'ina hayaniya. Takardarsa ta cika har baya. Na kai wa Malam da murna na ce nan ne dutsen ya fi lafiya. Ya karɓa, ya bi sunayen da bakin fensir, ya ce, "Ɗana, duba su waye." Gwara ne da hankaki da ire-irensu, masu cin duk abin da suka samu, waɗanda za ka tarar a bayan kowane gida. Yawa kam akwai, amma babu ko ɗaya cikin waɗanda ba sa iya rayuwa sai a tsauni. Ya ajiye takardar zango na tara kusa da ita. Layi shida kacal, amma huɗu a ciki 'yan asalin wurin ne, masu zaɓen abinci da zaɓen makwanci. Tun ranar na daina tambayar nawa ne, na koma tambayar su waye. Wurin da ya fara lalacewa ba shiru yake fara yi ba. Masu zaɓen ne ke janyewa ɗaya-ɗaya, na ko'ina su cike gurbi, kunnen da bai san muryoyi ba ya ci gaba da jin daɗin safiya bai san an yi masa musanya ba. A ganina wannan ne mafi haɗari a duk lamarin, domin ba ya tayar da hankalin kowa.

Sai zango na bakwai. Bakin wata ƙorama ce mai gudu kan duwatsu, irin wurin da duk wanda ya gani zai ce gidan tsuntsaye ke nan. Tsoffin takardun da aka ba ni sun nuna a da ana jin wani tsuntsun bakin ruwa a nan. Na tsaya minti biyar, ban ji komai ba sai ruwa. Zuciyata ta riƙa raya mini in ƙara minti biyu, ko in taka zuwa lanƙwasar gaba, ko in rubuta wata 'yar ƙara da na ji wadda ta yi kama da tasa. Ban taɓa sanin rubuta "babu" na da nauyi haka ba. Na rubuta. Zuwa na biyu, bayan wata guda, haka aka sake. Da na gaya wa Malam ina jin kamar na ɓata safiya, sai ya ce wannan sifilin ya fi duk sauran layukan daraja in dai na gaskiya ne, domin wanda ya cike gurbi da zato ya toshe wa dutse baki. Ya kuma ja mini kunne kada in yi saurin yanke hukunci. Ƙarar ruwa kanta na danne murya, kuma rashin ji ba shi ne rashin tsuntsu ba. Shi ya sa ake zuwa sau biyu, shi ya sa ake rubuta ƙarfin iska da ƙarar ruwa a saman kowace takarda, masu lissafi su san yadda za su auna ta.

In kuwa shirun ya ɗore, to ruwa ba ya tsami banza, kuma a tsaunukan yankin Wales na Birtaniya karin maganar ta tabbata a zahiri. A shekarun 1980, Steve Ormerod da abokan aikinsa sun bi diddigin wani tsuntsu mai nutso cikin ƙorama yana tsintar ƙwari a ƙarƙashin ruwa, wanda Turawa ke kira dipper. Suka tarar a ƙoramun da ruwan sama mai asid ya sa suka yi tsami, musamman inda aka dasa itatuwan katako masu ganye kamar allura, tsuntsun ya yi ƙaranci, ƙwansa ba yawa, ɓawon ƙwan kuma siriri. Dalili shi ne ƙwarin ruwan da yake ci sun ragu, sinadarin kalsiyam da yake gina ɓawo da shi ya yi masa wuyar samu. Ruwan kuwa a ido garai-garai yake. Bayan na karanta wannan na koma zango na bakwai da rana, na tuɓe takalmi na shiga, na riƙa ɗaga duwatsu ina duba ƙarƙashinsu. Laka ta lulluɓe su, mai santsi, abin da ke motsi a jikinsu kaɗan ne. Da na bi ƙoramar sama sai na tarar gaɓa ta zabtare a wurare biyu. Na rubuta a gefen takarda yadda na gani, ban ƙara da cewa shi ne dalili ba.

Irin wannan dubawa tana da takardarta. Bayan an gama ƙidaya akan koma kowane zango da rana a auna tsawon ciyawa da sanda, a ƙiyasta kashi nawa na ƙasa ke tsirara, a duba kututturen sabon sara, alamar gobara, kashin dabbobi. Aiki ne mai gajiyarwa, babu waƙa a cikinsa, amma in babu shi lissafin tsuntsaye ba ya bayyana komai. Na shigo da tunanin cewa kiwo abokin gabar tsuntsu ne, duk inda aka kore dabba an gyara. Abin bai miƙe haka ba. A Glen Finglas, cikin tsaunukan Sikotland, an killace filaye tun farkon shekarun 2000 ana gwada kiwo iri-iri, aka ga wani ƙaramin tsuntsun ciyawa ya fi yawa a inda ake kiwo kaɗan na tumaki haɗe da shanu, fiye da inda tumaki suka yi yawa, har ma fiye da inda aka hana kiwo gaba ɗaya. Tsuntsun na son doguwar ciyawa ya ɓoye sheƙa, yana son gajera ya tsinci ƙwari. Tun daga nan na daina kallon makiyayi a matsayin matsala. Abin tambaya shi ne dabba nawa, wace iri, a wane lokaci.

Da na miƙa takarduna a ƙarshen lokaci, na ce wa matar da ke tattara su, "Malama, to yaya dutsen yake?" Ta yi murmushi ta ce in dawo da tambayar bayan shekara goma. Raina bai so ba, amma gaskiya ta faɗa. Yawan ƙananan tsuntsaye hawa da sauka yake yi, shekarar fari ko ta tsananin sanyi ta kashe da yawa, shekara biyu masu kyau su mayar. Ƙidayar shekara ɗaya ɗigo ce, ɗigo kuwa ba ya nuna inda aka dosa. Ta ba ni misalin da har yau ban manta ba. A ƙasar Peru akwai wani tsauni, Cerro de Pantiacolla, tsayinsa ya ɗan wuce mita 1,400. An ƙirga tsuntsayensa a 1985. A 2017 Benjamin Freeman da tawagarsa suka koma suka bi sawun na farko. Daji yana nan, ba a sare shi ba. Amma tsuntsaye sun matsa sama suna bin sanyi, kuma cikin nau'i 16 da a da ba a samun su sai can ƙololuwa, takwas ba a same su ba. Na ƙasa suna da inda za su hau, na kan ƙololuwa kuwa babu abin da ke samansu sai sararin Allah. Da mutanen 1985 ba su rubuta a wane tsayi suka samu kowane tsuntsu ba, da babu wanda zai sani. A Turai ma, da aka haɗa takardun ƙasashe da dama, an ga tsuntsayen tsaunuka sun ragu da kashi 7 cikin ɗari tsakanin 2002 da 2014, waɗanda ba su da gida sai tsauni kuma da kashi 10.

Abin da tsuntsu zai gaya maka yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, to amma jawabin yana cewa akwai matsala ne kawai, ba ya faɗin wace ce. Tsuntsu mai ƙaura zai iya ɓacewa daga dutsenka alhali dutsen lafiyarsa ƙalau, abin ya same shi ne a wata nahiya ko a hanya, shi ya sa masu lissafi ke raba mazauna da baƙi. A tsibiran Hawai kurmi na tsaye kore shar amma tsuntsaye na ƙarewa, saboda sauron da ya shigo a ƙarni na 19, wanda daga baya ya riƙa yaɗa musu zazzaɓin cizon sauro irin na tsuntsaye. Waɗanda suka tsira sun fake a saman duwatsu inda sanyi ke hana sauro, yanzu kuma ɗumamar yanayi na hawa da sauron. A 2023 hukumomin Amurka suka ayyana nau'i takwas na tsuntsayen Hawai a matsayin waɗanda suka ƙare. Ɗaya daga cikinsu, na tsibirin Kauai, a 1987 aka yi masa jin ƙarshe, kuma muryarsa na nan a naɗe. Sau ɗaya na saurare ta, ban iya maimaitawa ba.

A shekarata ta biyu Malam ya ce zai raka ni har sama. Muka isa zango na goma sha ɗaya, inda itatuwa suka gajarce iska ta karkata su gefe ɗaya. Na danna agogo. Can cikin minti na biyu wata siririyar murya ta taso daga hannun dama, siririya kamar zare, ta wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ba a jin sa sai a wannan tsayi. Na rubuta, na dubi Malam ina jiran ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ga fensirina ya yi aiki, sai ya matso ya ce a hankali, "Yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Malam. Ga shi ya sake."

Sai da agogo ya cika sannan ya gaya mini. Wannan hanya tasa ce a da, shekaru da yawa shi ke bin ta. Da girma ya zo, siraran muryoyi ne suka fara ɓace masa, kamar yadda suke ɓace wa yawancin mutane. Ya lura wannan tsuntsu na raguwa a takardarsa shekara bayan shekara, alhali na maƙwabtan hanyoyi ba su nuna haka ba. Da kansa ya je ya ce a karɓi hanyar a ba mai sabon kunne, kuma a yi alama a kan takardunsa na ƙarshe, don kada a ɗora wa dutse laifin kunnensa.

Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni madubin nan naka." Na ciro shi daga jaka. Na nuna masa reshen, na uku daga sama. Ya daɗe yana kallo. Tsuntsun ya ɗaga kai, baki a buɗe, maƙogwaro na rawa. Malam ya ce, "Yanzu yana yi ko?" Na ce yana yi. Ya sauke madubin, ya share gilashin da gefen rigarsa ya miƙo mini, ya ce mu hanzarta, saura zango ɗaya kuma rana na ɗagawa.